Idan gari ya fara raguwa, me masu tsara birane ke yi, kuma ina Kaduna a wannan magana?

Ɗalibar tsara birane, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Ni ɗaliba ce a fannin tsara birane, kuma lokacin zaɓen batun binciken kammala karatu ya zo. Kusan duk abin da ake koya mana ya ginu ne a kan zaton cewa gari ƙaruwa yake yi: a ƙiyasta yawan mutanen da za a samu nan da shekara ashirin, a yanka sababbin fulotai, a ware filin makaranta da kasuwa da maƙabarta, sannan a ja titi da bututun ruwa zuwa inda ake sa ran gari zai kai. To amma ga birnin Detroit na Amurka, wanda a ƙidayar 1950 yake da mutum kusan miliyan 1.85, a ƙidayar 2020 kuwa bai kai 640,000 ba. Titunansa suna nan, bututunsa suna nan a ƙarƙashin ƙasa, faɗinsa bai ragu da taku ɗaya ba, amma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen sun tafi.

Tambayata ta farko ita ce, a aikace me hukumomin irin waɗannan birane suke yi, kuma a cikin abubuwan da suka gwada wanne ne ya yi amfani? Ta biyu kuwa ita ce ta fi damuna. Wasu abokan karatuna sun ce batun bai shafe mu ba, tunda Kaduna kullum cika take yi tana batsewa. Ni kuma idan na bi ta Kakuri na ga katangun masaƙu da ciyawa ta cinye harabarsu, zuciyata ba ta yarda cewa bai shafe mu ba. Ina neman shawarar masana, da ta waɗanda suka ga abin da idonsu.

Tsohon jami'in tsara gari, Unguwar Sarki

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Zan fara da lissafin da ke ƙarƙashin maganar, domin wanda bai gane shi ba zai ɗauka raguwar mutane sauƙi ce ga hukuma. Titi mai tsawon kilomita ɗaya kuɗin gyaransa ɗaya ne, ko gida ɗari ne a bakinsa ko gida goma sha biyar. Haka bututun ruwa da turakun wuta da magudanar ruwa da motar kwasar shara da ta kashe gobara. Birni a Amurka kuwa da harajin gidaje da na mazaunansa yake rayuwa, saboda haka idan mutane suka tashi sai kuɗin shiga ya faɗi alhali nauyin yana nan yadda yake. Daga nan hukuma ta ƙara haraji a kan waɗanda suka rage, ta kuma rage ayyukan da take yi musu, sai masu hali daga cikinsu su ma su tattara su bi na gaba, a bar tsofaffi da marasa ƙarfi a tsakanin kangaye. Wannan ne ya kai Detroit gaban kotu a watan Yulin 2013 ta bayyana cewa ta kasa biyan bashin kimanin dala biliyan 18, a lokacin da kusan kashi 40 cikin ɗari na fitilun titinta ba sa kamawa.

Ki riƙe wani abu da zai yi miki amfani idan kin zo kan Kaduna. Mutanen Detroit ba duka ne suka bar yankin ba. Kamfanonin ƙera motoci sun fita bayan gari, an shimfiɗa manyan hanyoyi da suka sauƙaƙa kwana a nesa, Turawa masu hali suka koma garuruwan kewaye, musamman bayan tarzomar 1967, har yau kuma yankin gaba ɗaya yana da mutum fiye da miliyan 4. Wato tsakiyar ce ta zama fayau, gefuna kuwa suna ta faɗaɗa.

Abin da aka fara yi, kuma aka daɗe ana yi, shi ne ƙin yarda cewa garin ya ragu. Aka riƙa gina manyan abubuwa da fatan su jawo mutane: dogayen benayen Renaissance Center a 1977, jirgin ƙasa mai zagaya tsakiyar gari a kan gada a 1987, daga baya gidajen caca da filayen wasa. A 1981 an tashi unguwar Poletown, mutum fiye da 4,000, domin kamfanin General Motors ya samu filin gina masana'anta. Duk da haka kowace ƙidaya sai ta nuna an ragu a kan ta baya. A ganina wannan shi ne kuskure mafi tsada, domin kuɗin da za a gyara unguwannin da har yanzu ake zaune a cikinsu shi aka zuba a gine-ginen da ake nuna wa baƙi.

Garin da ya yi suna wajen faɗin gaskiya shi ne Youngstown a jihar Ohio, garin ƙarfe, wanda ya kai mutum 170,000 a 1930. A ranar 19 ga Satumba 1977 wani babban kamfanin ƙarfe ya sanar da rufe masana'antarsa, mutum kusan 5,000 suka rasa aiki, sauran kamfanonin suka biyo baya. A 2005 hukumar garin ta amince da wani tsari da ta kira Youngstown 2010, wanda ya ce a fili garin ba zai koma yadda yake ba, a tsara shi a matsayin ƙaramin gari mai kyau: a rushe kangaye, a daina yanka sababbin fulotai inda babu mai buƙata, a mayar da wasu wuraren lambuna da wuraren shaƙatawa, a tattara ƙarfin hukuma a unguwannin da ke da sauran rai. An yaba wa tsarin a duniya, amma ki sani bai tsayar da raguwar ba, domin a 2020 mutanen garin kimanin 60,000 ne. Kuma inda aka nemi mutanen layukan da suka kusa zama kufai su tashi domin a rufe titin a yanke bututu, kusan babu wanda ya yarda. Haka ta faru a Detroit a 2010 lokacin da magajin gari Dave Bing ya taɓo maganar tattara mutane wuri ɗaya: baƙaƙen fata da suka tuna yadda aka rushe unguwarsu ta Black Bottom da sunan sabunta gari suka yi ca a tarurruka, dole aka janye maganar. Mutumin da ya biya kuɗin gidansa, ya aurar da 'ya'yansa a cikinsa, ba zai tashi don taswira ta yi kyau ba.

Abin da ya fi tasiri a Amurka, a nawa ra'ayi, shi ne bankin filaye. Hukuma ce da ake miƙa wa gidaje da fulotan da masu su suka gudu suka bar bashin haraji, ta wanke takardunsu daga duk wata rigima, ta rushe wanda ya lalace, ta sayar da mai gyaruwa bisa sharaɗin a gyara shi cikin wa'adi, fili kuma ta sayar wa maƙwabcin da ke jikinsa. Gundumar Genesee, inda garin Flint yake, ita ce ta yi fice da wannan tun farkon shekarun 2000, Detroit ta kafa tata a 2008, kuma ta riƙa sayar wa maƙwabci fulotin da ke jikin gidansa a kan dala 100. Sai dai akwai zalunci a ƙarƙashinsa da bai kamata a ɓoye ba: binciken wata jaridar garin ya nuna an caji masu gidajen Detroit harajin da ya wuce ƙima da aƙalla dala miliyan 600 tsakanin 2010 da 2016, kuma da yawan gidajen da aka ƙwace a kan bashin haraji da mutane a cikinsu aka ƙwace su.

Jamus ta bi wata hanya. Bayan haɗewar ƙasar a 1990 masana'antun gabashi suka durƙushe, matasa suka yi yamma, haihuwa ta faɗi ƙwarai, har zuwa 2000 aka ƙiyasta gidaje kusan miliyan 1 babu kowa a cikinsu. A 2002 gwamnatin tarayya ta fara shirin Stadtumbau Ost, inda take biyan kuɗin rushe gidajen da suka yi yawa da kuma kuɗin gyaran tsofaffin unguwannin tsakiya, bisa sharaɗin kowane gari ya fara kawo tsarinsa a rubuce. An rushe gidaje kimanin 300,000 a shekaru goman farko, yawanci dogayen benayen kankare na bakin gari, da nufin gari ya tsuke daga waje zuwa ciki. Abin ya yiwu ne saboda yawancin benayen na kamfanonin gidaje ne na hukumar gari da na ƙungiyoyin haɗin gwiwa, ana iya zama da mutum ashirin a yanke shawara, kuma ɗan hayan da aka tasa ana ba shi wani gida a cikin garin. Leipzig, wadda ta haura 700,000 a shekarun 1930 ta sauko zuwa kimanin 437,000 a 1998, yanzu ta sake haura 600,000. Amma kada a ce rusau ne ya dawo da ita: an haɗa mata garuruwan kewaye, tana da jami'a, kuma Porsche da BMW da DHL sun zo sun kafa ayyuka. Hoyerswerda, garin kwal da bai samu irin wannan ba, daga kimanin 70,000 ya sauko ƙasa da rabin haka, kuma tsari bai yi masa komai ba illa ya sa raguwar ta zo da mutunci.

Injiniya, Malali

Malam, Allah ya ƙara sani, bayaninka ya gamsar. Amma ni ina tare da abokan karatun ƙanwata. Duk wanda ya san Rigasa shekara talatin da suka wuce ya kuma gan ta yau, ko ya bi ta Millennium City, ko Mando zuwa hanyar Birnin Gwari, ko Gonin Gora da Maraban Rido, ya san ciwon Kaduna ba raguwa ba ne. Ana gina unguwa sukutum babu magudanar ruwa, babu filin firamare, layi ba ya ɗaukar motar kashe gobara, taransifoma ɗaya na ɗauke da gidajen da uku ya kamata su ɗauka. Matsalar tsaro kuma ta koro mutanen ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun zuwa cikin gari, sun cika ɗakunan 'yan uwa da gine-ginen da ba a gama ba. Idan ana neman wurin da ya zama kufai a jihar nan, ƙauyukan nan ne, kuma maganinsu tsaro ne, ba taswira ba.

Na biyu, lissafin da Malam ya kafa maganarsa a kai bai zauna daidai a kanmu ba. Jihohinmu da ƙananan hukumominmu sun fi dogara da kason da ake rabowa daga asusun tarayya, ba da harajin gidaje ba, saboda haka idan layi ya rasa mutane ba a nan take baitulmali ke jin jiki ba. Ayyukan da Detroit ta kasa ci gaba da yi ma, mu da yawansu ba mu taɓa samu ba. Magidanci a nan shi ke haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi janareta ko ya sa sola, ya biya almajiri ko mai baro ya kwashe shara, layi su yi karo-karo su biya 'yan sintiri. Wane bututu za a yanke a unguwar da famfo bai taɓa zuwa ba?

Tsorona shi ne mu ɗauko damuwar ƙasashen da haihuwa ta ragu mu ɗora wa kanmu, alhali mu 'ya'ya muke haifa, kuma kowanne zai buƙaci ɗaki da aji da aiki. Ƙanwata, da ni ne, a kan unguwannin da ake ginawa ba tare da izinin hukumar tsara birane ta jihar, KASUPDA, ba zan yi bincike.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri

Salamu alaikum. Ni ba masani ba ne, amma a masaƙa na yi ƙuruciyata har ta ƙare, kuma ina so Injiniya ya saurare ni, ɗana. Gaskiya ne idan ka zo Kakuri ko Makera ko Nasarawa yau za ka ga mutane, ba za ka ga layi babu kowa irin na hotunan Amurka ba. Amma ƙidaya kai ba ta nuna abin da ya ragu. A da masaƙu shifta uku suke yi, safe da rana da dare, kuma idan jiniya ta yi kuka aka tashi, kekuna sai sun toshe titi. Kowane ma'aikaci yana da mai abincin da yake ci bashi har ƙarshen wata, da tela, da mai gyaran keke, da mai gidan haya, kuma dukansu sun san ranar albashi. Auduga daga Funtua da Gusau da Zariya take zuwa, wato abin da ya tsaya a Kakuri har gona ya taɓa.

Da aka rufe, waɗanda suka zo daga Binuwai da Filato da Kogi da kudancin jihar nan da ƙasar Katsina da yawa suka kwashe iyali suka koma gida, wasu kuma suka rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Ɗakunan ba su daɗe babu kowa ba, sun sake cika, amma da mutanen da ba su da albashi: mai tura baro, mai acaɓa, mai ƙaramar talla. Kuɗin haya ya zama sai an yi rigima, mai gida ya daina gyara, kwano ya yi tsatsa, soro ya tsage, kwata ta toshe aka bar ta. Masu hali daga cikin 'ya'yanmu kuwa da zarar sun samu aiki sai su bar unguwar. Ashe ba wannan ne Malam ya bayyana ba, cewa mai ƙarfi ya tafi a bar mara ƙarfi? A cikin katangun kuma akwai filaye masu faɗin da za su ɗauki unguwa guda, da titi da layin wuta mai ƙarfi da layin dogo a kusa, ga su nan macizai da masu kwance ƙarfe da ɓata-gari ne ke amfana da su, alhali ana can ana sare daji ana yanka fulotai inda ko hanya babu.

Akwai kuma raguwar da ba ma son faɗa. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, mutane sun sayar da gidajensu da araha ko sun yi musaya, Musulmi suka yi arewacin kogi, Kirista suka yi kudu. Unguwa ta rasa rabin waɗanda suka gina ta cikin 'yan makonni, aka bar masallaci da sahu ɗaya a wani wuri, aka bar coci a rufe a wani. Jimillar mutanen Kaduna ba ta ragu ba, amma unguwannin sun ragu ta hanyar da har yau ba su warke ba.

Kuma kada mu manta Kaduna kanta da abin wani gari aka gina ta. Zungeru ce hedikwatar Arewa kafin Turawa su dawo da ita nan a 1917, kuma duk wanda ya je ya ga kufan gine-ginen gwamnati a can ya san gari na iya yin baya a ƙasar nan. 'Yata, ki yi bincikenki, kuma ki zo ki tambaye mu tun muna da rai.

Lauya, Unguwar Rimi

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina so in ɗora a kan maganar filayen da ke cikin katanga, domin a aikina na ga cewa kango ba ya zama kango don rashin mai so, sai don an rasa wanda zai iya sa hannu a takarda. A nan Japan ce ta fi kama da mu, duk da cewa dalilinta tsufan al'umma ne da ƙarancin haihuwa. Binciken gwamnatinsu na 2023 ya nuna gidaje kimanin miliyan 9 babu kowa a ciki, kusan kashi 14 cikin ɗari na gidajen ƙasar. Da yawansu gidajen gado ne: iyaye sun rasu, 'ya'ya suna Tokyo ko Osaka, ba a sauya suna a rajista ba, bayan zuriya biyu magada sun kai gommai kuma ba a san inda wasu suke ba. Dokar harajinsu ma ta taimaka wa matsalar, domin fili mai gida a kansa harajinsa na iya sauka zuwa kashi ɗaya cikin shida na fili fayau, saboda haka barin kango a tsaye ya fi rushe shi araha. A 2015 suka fara aiki da dokar da ta ba ƙananan hukumomi ikon ayyana gida a matsayin mai haɗari, su cire masa rangwamen haraji, su rushe shi idan ta kama. Daga Afrilun 2024 kuma ya zama dole magaji ya yi rajistar gadon fili cikin shekara uku.

Wanda ya san tsofaffin layukan Tudun Wada da Unguwar Shanu da Doka ya san gidan gado da aka kulle, ko aka bar ɗaki biyu ga wani dangi sauran suna zubewa, saboda magada sun watsu kuma babu mai son a ce shi ya sayar da gidan mahaifinsa. Shari'a ba ta bar wannan a buɗe ba. A mazhabar Malikiyya, idan dukiyar tarayya ba ta rabuwa ba tare da ta lalace ba, ɗaya daga cikin masu ita na iya neman alƙali ya sa a sayar a raba kuɗin, kuma abokin tarayya yana da haƙƙin shuf'a, wato ya karɓi kason ya biya kuɗinsa, idan ɗan uwansa ya sayar da kasonsa ga bare. Jinkirin rabon gado al'ada ce da kunya, kuma unguwa ce ke biyan kuɗinsa. Wasu na kawo hukuncin raya mataccen fili a wannan wuri, amma bai hau ba, domin gidan da aka san masu shi ba mataccen fili ba ne.

Filayen masana'antu sun fi wuya. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957 aka rufe a 2002, mallakar jihohin Arewa 19 ce, wato kafin a yanke abin da za a yi da filinta sai an haɗa kan gwamnoni da yawa. A wasu kamfanonin da suka durƙushe kuma takardar fili tana hannun banki a matsayin jingina, ga bashin ma'aikata, ga shari'a a kotu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallaka saboda maslahar jama'a, don haka a takarda gwamna ya fi bankin filayen Detroit ƙarfi nesa. Abin da nake tsoro ke nan. Idan aka kafa irin wannan hukuma a nan ba tare da rajistar da kowa zai iya dubawa ba, ba tare da sanarwa ga magada da wa'adi da diyya da damar zuwa kotu ba, to filin talaka ne zai koma hannun manya da sunan tsari. KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar, ta riga ta fara mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, kuma a kan wannan ya kamata a gina, a buɗe.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar ƙwace komai, kuma ita nake so a gwada. A Leipzig wata ƙungiya mai suna HausHalten ta fara a 2004 tana haɗa mai tsohon gida da ya rasa 'yan haya da matasa ko masu sana'a da ke neman wuri: su shiga ba tare da kuɗin haya na kasuwa ba, su biya ruwa da wuta, su toshe yoyo, su tsare gidan daga ɓarayi na wasu shekaru, gida kuma yana nan na mai shi. A Liverpool ta Ingila hukuma ta fara sayar da kangayen gidaje a kan fam 1 a 2013, bisa sharaɗin mai saye ya gyara ya zauna a ciki shekara biyar. Me zai hana zauren masaƙa ɗaya ya zama wurin kafintoci da masu walda da teloli bisa yarjejeniyar shekara biyar, kafin masu shi su gama shawara? Mu da muka saba ba wa mutum aron gona ko tsaron gida, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, rubutawa kawai yake buƙata domin kada aro ya rikiɗe ya zama da'awar mallaka.

Tsohon jami'in tsara gari, Unguwar Sarki

Injiniya ya yi gaskiya cewa Kaduna ƙaruwa take yi, kuma ya yi gaskiya game da kason tarayya. Inda na saɓa da shi shi ne ɗaukar batunsa da na Baba a matsayin abu biyu. Kowane fuloti da aka yanka a bayan gari alhali ga fili mai titi da wuta a kwance a Kakuri, bashi ne aka ci wa jihar, domin wata rana mazauna can za su nemi kwalta da bututu da asibiti, kuma tsawon abin da za a gina a kuma riƙa gyarawa ya ƙaru. Tsarin da Bature masanin tsara birane Max Lock ya yi wa Kaduna a 1967 an yi shi ne ga hedikwatar Arewa mai masana'antu, a shekarar kuma aka raba Arewa jihohi, daga baya masaƙun suka tsaya, amma filayen kudu da aka ware wa masana'antu har yau ana kallonsu da idon wancan zamani.

Birnin Toyama na Japan ya fuskanci faɗaɗar gari tare da tsufan mutane, sai magajin garinsa na lokacin, Masashi Mori, ya ɗauki tsarin da za a iya kwatanta shi da tsire: layin sufuri shi ne tsinken, unguwannin da ke kewaye da tashoshi su ne yankan naman. A 2006 suka mayar da wani tsohon layin dogo jirgin cikin gari mai yawan zirga-zirga, suka riƙa ba da tallafi ga wanda zai gina ko ya sayi gida kusa da layin. Ba su tilasta wa kowa tashi ba, kuma burin da suka sa a lokacin shi ne masu zama kusa da sufuri su tashi daga kashi 28 cikin ɗari a 2005 zuwa kashi 42 a 2025. Kaduna tana da tsohon layin dogo da ya ratsa ta daga kudu zuwa arewa.

Gargaɗin da zan ƙara shi ne na Flint, garin da aka yi wa bututun mutum kusan 200,000 ya koma ƙasa da rabi. A Afrilun 2014, ƙarƙashin jami'in da jiha ta naɗa don tsuke kashe kuɗi, aka koma ɗebo ruwa daga kogin garin ba tare da sa maganin hana cin bututu ba, dalma ta shiga ruwan sha, yara suka sha. Duk tsarin da zai rage wa unguwa aiki saboda ta talauce, nan yake iya kaiwa.

'Yata, ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, saboda haka ba za ki samu abin da kike nema a ofis ba, sai kin taka. Ki zaɓi layuka kaɗan a Kakuri da wasu a tsohuwar Tudun Wada, ki bi gida gida ki rubuta wanda ake zaune cikinsa duka, da wanda aka kulle wani sashe, da wanda ya zube, da shagon da ke rufe. A kowane kango ki tambayi mai unguwa wa ke da shi, tun yaushe aka bar shi, kuma me ya hana a gyara ko a sayar: gado ne, jingina ce, shari'a ce, ko mai shi ya ƙaura bayan rikici. Ki nemi rajistar ɗaliban firamaren unguwar ta shekarun baya ki gwada da ta yanzu, ki kuma auna faɗin filayen masana'antun da ke kwance daga hoton tauraron ɗan'adam, ki gwada shi da faɗin sababbin fulotan da aka yanka a Millennium City. Ki je da takardar gabatarwa daga makaranta, kuma ki yi aikin kafin damina ta sauka, domin ciyawa na rufe harsashin gidajen da suka zube har a ɗauka fili ne da ba a taɓa ginawa ba.